Balin ko Biyana, ina ciki zai ƙoshi, ina ido zai ƙoshi

Malam, ka ce kwana huɗu gare ka kai da uwargida bayan taron naka, kuna son ku ci abincin gari ku ga wurare, to Balin ta Jamus za ku ko Biyana ta Ostiriya. Na je duka biyun, bari in faɗa maka yadda na gani.

Maganar ci dai ita ce damuwar, tunda Jamusawa da mutanen Ostiriya kam alade a wurinsu kamar tuwo ne a wurinmu. Kalma ɗaya ka haddace tun kafin ka hau jirgi, Schwein, shi ne alade. Rind naman sa, Kalb ɗan maraƙi, Pute talo-talo. A Balin abin da kowa zai ce maka ka ɗanɗana shi ne Currywurst, wato sosej da miyar kori, to yawanci na alade ne, sai ka ga an rubuta halal tukuna. Amma gaskiya Balin ba a yunwa, Turkawa sun cika unguwar Kreuzberg, Larabawa kuma sun riƙe titin Sonnenallee a Neukölln, döner da shawarma da baklawa ko ta ina ga araha, kuma döner ɗin nan da ake cusa shi cikin burodi da salak ai ya riga ya zama abincin Balin, kar wani ya ce maka ba ka ci na gari ba.

Biyana kuwa abin ya ɗan bambanta, nan ne na fi jin na ci girkin mutanen da kansu. Wiener Schnitzel na asali da naman maraƙi ake yi, a buga shi ya yi fale-fale a tsoma a ƙwai da garin burodi a soya, amma fa mai arahar sau da yawa na alade ne, kuma wasu gidajen da kitsen alade suke suyar, don haka ka tambayi man ma, ba naman kaɗai ba. Akwai Tafelspitz, dafaffen naman sa da romonsa wanda aka ce sarkinsu Franz Joseph ya fi so. In kai mai tsanani ne kan yanka to ka nufi kasuwar Brunnenmarkt wajen Turkawa, ko ka tsaya kan kifi da kayan zaƙi. Kayan zaƙin nan su ne suka ci min kuɗi wallahi, Apfelstrudel mai tuffa a ciki da Sachertorte kek ɗin cakulan, ka zauna gidan kofi a kawo maka kofi da ɗan kofin ruwa ka yi awa biyu ba mai cewa ka tashi. Sai dai zabibin cikin strudel wani sa'in a giya ake jiƙa shi, shi ma a tambaya. Ruwan famfonsu daga tsaunuka yake zuwa tun 1873, kar ka ɓata kuɗi kan na roba.

Kallo kuma, Balin gari ne mai faɗi, wuraren a warwatse suke. Ƙofar Brandenburg, ragowar katangar da ta raba garin biyu ta faɗi a 1989 wadda aka yi wa zane-zane fiye da kilomita ɗaya a East Side Gallery, da hawa saman majalisar Reichstag kyauta amma sai ka yi rajista tun da wuri. Ka hau bas mai lamba 100 da tikitin gari zai ratsa da kai ta yawancinsu. Tarihin yaƙi ne da rabuwar ƙasa, in kana son irin wannan za ka ji daɗi, uwargida kuma ƙila ta gaji a rana ta biyu.

Biyana komai a dunƙule yake, tsakiyar gari da ƙafa ake zagaye shi, cocin Stephansdom, fadar Hofburg, sai can gefen gari fadar Schönbrunn mai ɗakuna 1,441 wadda lambunta shiga kyauta ne. Masallacin Juma'a babba yana Floridsdorf bakin kogin Danube, tun 1979 aka buɗe shi.

Da ni ne da iyali kwana huɗu kacal, Biyana zan je ko da ta fi tsada kaɗan. Ku dai yi cefanenku ranar Asabar, don ranar Lahadi shaguna a rufe suke a garuruwan biyu, sai 'yan na tashar jirgin ƙasa.