Wasiƙa daga Zagreb: ciniki, hatimi da littafin filaye

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da Inna da dukan mutanen gida. Kun ce na ishe ku da labarin sanyi, in faɗa muku yadda ake ciniki da shari'a a Kuroshiya, tunda ku a aikin kotu kuka yi furfura.

Kaya dai babu arha. Harajin da ke kan yawancin abin sayarwa kashi 25 ne cikin ɗari, kuma tun da suka ajiye kuɗinsu na kuna suka koma yuro a farkon 2023 kowa ke kukan tsada, har 'yan ƙasa. Tumatirin kanti kyan ido ne kawai. Mai son na kirki sai ya je kasuwar Dolac wajen matan ƙauye. Attaruhu kuwa sai shagon 'yan Asiya, shi ma bai kama ƙafar namu ba. Ana shan ruwan famfo, ba a ɗauke wuta. Ran Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, don doka ta ba kowannensu Lahadi 16 kacal a shekara.

Inda suka yi mana nisa shi ne rasit. Tun 2013 injin karɓar kuɗi na mai shago a haɗe yake da ofishin haraji ta intanet, ko shayi kofi ɗaya ka sha sai an miƙo maka takarda mai lamba. Kada ka yar da ita. In waya ta lalace cikin shekara biyu ba da laifinka ba, mai shago ne zai gyara ko ya canza, babu rantsuwa, babu kiran shugaban kasuwa. A gida kun san yadda ake yi: kaya sun bar rumfa, sun zama naka da aibinsu.

Haya ma haka. Kafin komai sai ka samu lamba mai alƙaluma 11 da suke kira OIB, da ita ake buɗe asusun banki, a ɗauke ka aiki. Sannan ku rubuta yarjejeniya da mai gida, sau da yawa ku kai wa notari, wato masanin doka da hukuma ta ba hatimi. 'Yan uwanmu na Maraɗi sun san irinsa ta hannun Faransa. Akwai irin hatimin da in ya buga, ranar da ka ƙi biya ba sai an yi doguwar shari'a ba, kai tsaye za a bi kuɗin. Yana cin kuɗi, amma ni na fi son sa da dillalin da zai karɓi la'ada hannu biyu, ranar rigima ya ce bai tuna ba.

Wannan son rubutu ba jiya suka fara shi ba. Garuruwan bakin teku, masu hulɗa da Italiya da daular birnin Benis (Venice), sun daɗe da kundin dokokinsu: na Dubrovnik a 1272, na Split a 1312. Wanda suka fi alfahari da shi kuwa na yankin Vinodol ne. Ranar 6 ga Janairu 1288 wakilan garuruwa tara suka taru a Novi, suka rubuta dokokin da suka ji daga iyaye da kakanni, da harshensu da kuma tsohon baƙinsu na Glagolitsa, alhali Latin ne harshen hukuma a yawancin Turai. Da kun karanta da kun ji kamar a gida: akwai diyyar kisa, akwai tara, akwai masu taya mutum rantsuwa.

Daga 1102 sarkinsu ɗaya da Hungari, shi ya sa littafin al'adun shari'a da Werbőczy ya haɗa a 1514 ya yi ƙarnoni yana aiki a cikin ƙasa. A 1527 manyansu suka zaɓi gidan Habsburg na Ostiriya. Ni a ganina Ostiriya ce ta fi kowa barin sawu. Kundinta na mu'amala na 1811 ya fara aiki a yankin Zagreb a 1853, kuma ko bayan 'yan gurguzu sun karɓi Yugoslabiya, tarayyar da Kuroshiya ke ciki a lokacin, alƙalai sun ci gaba da ɗebo ƙa'idoji daga cikinsa inda sabuwar doka ta yi shiru. Raba alƙali da mai mulki aikin gwamnansu Ivan Mažuranić ne, a 1874. Gurguzu ya soke notari, dokar 1993 ta dawo da shi. Saboda wannan tushe, alƙalin nan kundi yake buɗewa ya nemi sashe. Hukuncin alƙalan baya ba ya ɗaure shi kamar yadda muka gada daga Ingila. Lauyoyinsu ma ba sa ɗora farin gashin nan a ka.

Maganar fili ce na san za ta fi jan hankalinku. A wajenmu, tun dokar 1978 ƙasa tana hannun gwamna, mai fili yana bin takardar shaidarsa shekara da shekaru, yawancin ciniki kuma mai unguwa ne da shaidu. A nan akwai littafin filaye a kotun kowane yanki, tsarin da aka kafa a 1855 bayan awon ƙasa da Ostiriya ta fara a 1817. Biyan kuɗi bai mai da kai mai gida ba sai sunanka ya shiga littafin. Kowa na iya duba shi a waya kyauta, ya ga mai fili, ya ga ko banki na bin sa bashi. Sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku yana da wuya ƙwarai.

Sai dai kada ku ɗauka aljanna ce. A zamanin gurguzu mutane da yawa sun daina kai canjin suna, wasu don gudun haraji. Yau a tsibiran Dalmashiya, yankinsu na bakin teku, za ka tarar da kangon gida da sunan kakan kaka, magada sun warwatsu zuwa Chile da Ostireliya, kowa da ɗan kasonsa, babu mai iya sayarwa. In magana ta kai kotu kuwa, sai a nemi haƙuri, don shari'ar fili na iya cin shekaru, kuma su da kansu sun fi kowa ƙorafi. Alƙalin ƙaramar kotunmu da zai raba gardama kafin azahar ya fi su sauri nesa ba kusa ba.

Gado: mace da namiji kaso ɗaya, matar mamaci ma daidai da kowane ɗa, kuma notari ne ke zaman rabon a madadin kotu. Musulunci majalisarsu ta amince da shi tun 1916, kuma bisa yarjejeniyar 2002 auren da limami ya ɗaura hukuma na karɓarsa, amma mace ɗaya tak.

Wannan ya kawo ni ga roƙo. Don iyali su biyo ni ana neman takardar aurenmu ta asali, ba hoto ba, da tambarin ma'aikatar harkokin waje a Abuja. A nan kuma tafintan da kotu ta rantsar zai fassara ta. Don Allah a duba rubutun sunana ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed mutum biyu ne a wajensu. A gaida Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.