Albion Online: kasuwa da ƙira a idon mai buga shi daga Garwa

Albion Online wasa ne na intanet da mutane da yawa ke bugawa tare, na kamfanin Sandbox Interactive da ke Jamus. Ya fito a 2017, aka mai da shi kyauta a 2019, amma sai da ya shigo waya a 2021 samari a Garwa da Marwa suka samu damar buga shi sosai. Abin da ya riƙe ni a cikinsa shi ne kasuwarsa, domin kusan kowane takobi, sulke ko takalmi da mutum zai gani a jikin wani, ɗan wasa ne ya ƙera shi daga itace, tama, fata, auduga ko dutsen da wani ɗan wasan ya haƙo.

Kaya suna da matakai takwas, daga T1 zuwa T8, kuma daga T4 ana iya ƙara musu ƙarfi da tsafi. Kowane gari a cikin wasan yana da kasuwarsa daban da abin da ya fi araha a sarrafa a cikinsa: Martlock fata, Thetford ƙarfe, Lymhurst tufa, Fort Sterling katako, Bridgewatch dutse. Kayan da aka ajiye a wani gari ba sa bayyana a wani, dole a ɗora su a kan sa ko doki a kai su. Wanda ya san yadda ɗan kasuwa ke sayen albasa a Marwa ya sauke ta a inda take tsada zai fahimci tsarin tun ranar farko.

Hikimar tsarin tana cikin asara. A yankuna ja da baƙi, wato sassan taswirar wasan mafi haɗari, duk wanda aka kashe, abin da ke jikinsa ya zama ganima, wani ɓangare kuma ya lalace gaba ɗaya, saboda haka maƙeri ba ya rasa mai saye. Ga kuma baƙar kasuwar garin Caerleon, wadda take sayen kaya daga hannun 'yan wasa ta zuba su cikin ganimar dodanni. A ganina, da wuya a samu wasan da ya ɗaure mai haƙa, maƙeri da mayaƙi da igiya ɗaya haka.

Sai dai wannan hikimar ce ke cutar da mu a nan. Na taɓa ɗora wa sana fata makil zan bi jan yanki, intanet ya yanke ina tsakiyar hanya, kafin ya dawo an kwashe komai. Sabar Turai da aka buɗe a 2024 ta rage jinkiri, amma ba ta da maganin ɗaukewar wuta.

Matsala ta biyu ita ce Premium, wato rajistar da ake biya don samun ƙarin gata a wasan. Mai shi yana samun makin himma 10,000 kullum, wanda ke dawo masa da kaso mai yawa na kayan ƙira, kuma harajinsa a kasuwa rabin na wanda ba shi da shi ne. Ana iya sayensa da azurfar wasan ba tare da an kashe sefa ba, amma sabon shiga zai daɗe kafin ya tara. Wanda intanet ɗinsa ba tabbas, gara ya tsaya a yankuna shuɗi da rawaya, inda ba a kwashe kayan mutum, ya riƙe sana'a guda, ya bar jigilar Caerleon ga masu layi mai ƙarfi.