DJI Mini 3 a sararin Yamai: jirgin na da kyau, amma takardar izini ta riga shi tashi

Abin da ke jan mutane zuwa ga wannan ƙaramin jirgi marar matuƙi shi ne nauyinsa, wanda bai kai giram 249 ba. Masu sayarwa suna cewa jirgin da bai kai giram 250 ba ba ya buƙatar rajista. Wannan sassauci na dokar Amurka ne ga masu tuƙin nishaɗi, bai shafi Nijar ba. A nan hukumar ANAC ce ke kula da zirga-zirgar jiragen farar hula, kuma a halin tsaron da ake ciki duk abin da ya tashi sama da kyamara yana tayar da hankalin jami'an tsaro. Ka nemi izini a rubuce tun kafin jirgin ya iso duwan, ka riƙe takardar a jikinka, ka sanar da komisariya ko jandarmomin yankin rana da wurin da za ka tashi, ka kuma gaisa da mai gadin filin. Wanda ba zai iya wannan zirga-zirga ba, shawarata ya ajiye kuɗinsa.

Wurin tashi ma a Yamai ya yi ƙaranci. Filin jirgin Diori Hamani da sansanin sojan sama na 101 sun rufe kudu maso gabas. Unguwar Plateau akwai fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu, unguwar Yantala akwai ofisoshin jakadanci, gadar Kennedy kuwa ba wurin ɗaga kyamara ba ce. Gidan tarihi na Boubou Hama yana da inuwa da fili, amma yara ne cike da shi, ga namun daji a keji waɗanda ƙarar farfela ke firgitawa. Taswirar DJI Fly, manhajar wayar da ake tuƙa jirgin da ita, ba ta san kowace bariki ba, don haka shirunta ba izini ba ne. Abin da ya rage shi ne buɗaɗɗen fili a gefen gari, nesa da taro, wanda sunansa ke cikin takardarka. Gidajenmu kuma tsakar gida a buɗe take. Jirgin da ya bi ta saman katanga ya leƙa iyalin mutane, ko da mai shi bai yi niyya ba.

Shi kansa jirgin ya gamsar da ni a hoto. Yana ɗaukar bidiyo 4K, kyamarar tana juyawa a tsaye domin bidiyon waya, kuma da hantsi ko bayan la'asar jar ƙasa da korayen lambunan bakin kogi suna fitowa da launinsu na gaskiya. Matsalar ita ce idon kyamarar a buɗe yake a f/1.7, ba ya tsukewa. Da tsakar rana hasken Yamai yana wanke hoton, motsi ya riƙa tsalle-tsalle. Maganin shi ne gilashin rage haske, ND16 da safe, ND64 idan rana ta take, a bar gudun ɗauka a 1/60 na daƙiƙa in ana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa.

Zafi ne babban abokin gabarsa. Kamfanin ya ƙayyade masa digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce haka kusan kullum. Jirgin ba shi da fanka a ciki, iskar tafiya ce ke sanyaya shi. In aka kunna shi aka bar shi a ƙasa ana daddanna waya, sai ya yi gargaɗin zafi ya mutu. Ka gama duk saiti a inuwa, ka fito ka tashi. Wayar da ke kan telekomand, wato na'urar tuƙin da ke hannunka, ita ma tana dusashe haskenta idan ta yi zafi, ka rasa ganin inda kake. Batir kuma minti 38 da aka rubuta masa na gwaji ne ba iska; a lissafa ƙasa da minti 30, a juyo gida yana kashi 30 cikin 100. Kada a sa shi caji da zafinsa, kada a bar shi cikin mota a rana, in za a ajiye shi kwanaki a bar shi wajen kashi 60. Wanda ya kumbura ya gama aiki.

Ƙura tana biye. Tashi daga rairayi yana cusa yashi cikin injinan huɗu da wuyan kyamara, sai a ji ƙarar gurzawa ko kyamarar ta karkace. Shimfiɗa tabarma ko faifan sauka, bayan an gama a busa injinan da ɗan famfon roba, ba da baki ba. A duba farfela kowane tashi. In ɗaya ta tsage a canza biyun da ke kan injin tare da kusoshinsu, a lura da masu alama da marasa alama domin ba gefe ɗaya suke juyawa ba.

Iskar da yake jurewa mita 10.7 ce a daƙiƙa, kusan kilomita 38 a awa, kuma a hunturu iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi. Ka fita kana fuskantar iska domin ta turo ka a dawowa. In ya kasa gaba, sauke shi ƙasa-ƙasa ka koma yanayin S, wanda jirgin ya fi gudu a cikinsa. Hadarin damina da ya taso da jar ƙura daga gabas, ba a jiran sa, sauka kawai. Kada a wuce tsayin mita 120 a sama, kuma hazo ya ɓoye jirgin daga idonka to ka yi nisa.

Raunin da ya fi damuna shi ne ba ya ganin gaba, baya ko gefe, ƙasa kawai yake gani. Wayoyin lantarki na NIGELEC, rassan dogon yaro da turakun kamfanonin waya duk aikin idonka ne. Kafin tashi ka jira tauraron GPS ya kama, manhajar ta tabbatar da wurin komowa, wato inda jirgin zai dawo da kansa, ka sa tsayin komowa ya haura abin da ya fi tsawo a wurin. A saman kogi idon ƙasan yana rikicewa da ƙyallin ruwa, jirgin ya riƙa yin ƙasa a hankali. Shirwa ma tana kawo masa sura. In ta fara kewaya shi, yi sama da sauri, ka kauce, ka sauka. Mai koyo da ke da hali ya ƙara kuɗi ya ɗauki Mini 4 Pro, wanda ke ganin cikas ta kowane gefe.