Situdiyon bayan tasha a Ringim: kunnen mai shi ya fi kayan aikinsa

Waƙar bikin ƙanwata ce ta kai ni. Sati uku na yi ina rubuta ta a bayan littafin awon ɗinki, baiti 11, ƙwar biyar-biyar, wato kowane baiti ɗango (layi) biyar, ina ji a raina babu mai taɓa min ko wasali ɗaya. Wani abokina ya ce akwai ɗan situdiyo a Ringim, ba sai na je Kano ba. Na hau babur da sassafe.

Ɗaki ɗaya ne, an lulluɓe bangon da katifu da kwalin ƙwai. Fiyano Yamaha, kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, makirufo a lungu bayan labule. Iyakar kayan ke nan.

Mai wurin bai kunna komai ba. Ya ce, "Malam, rera min da baki tukuna." Ina rerawa yana bugun cinyarsa da tafin hannu. A ɗango na uku ya tsayar da ni. Abin da na rubuta shi ne "yau kin bar garinmu", amma karin da na ɗauko yana jan gaɓar "ga", sai kalmar ta miƙe. Ya yi dariya ya ce, "Garin tuwo amaryar ta bari?" Wallahi na rera ta ya fi a ƙirga a kan keken ɗinki, kunnena bai taɓa kamawa ba. Ya nuna min inda kari ya ja, gaɓa mai nauyi ake ajiyewa, mai dogon wasali ko wadda ta rufe da baƙi, inda ya yi gudu kuma a sa marar nauyi. Muka mayar da shi "yau kin bar ƙauyenmu", sai "ƙau" ta zauna daram. Wannan gyaran kaɗai ya biya min kuɗin mai.

Amshina ɗango huɗu ne, cike da nasiha. Ya ce amshin da 'yan mata ba za su kama a ji na biyu ba, baiti ne ya yi ɓatan kai. Ya rage shi zuwa biyu, sunan amarya a farko, ya sa muryar ta hau sama a nan, baitoci su zauna ƙasa. Ya kuma kama ni da cusa kalmomi don kawai ƙafiya, wato amsa-amon ƙarshen ɗango, ta fita. Babban amsa-amona "na" ne a ɗango na biyar, sai na yi ta jera "zuciyana", "idanuna", har da inda ba su da gurbi.

Inda muka yi ja-in-ja shi ne tsayi. Ya datse baitoci 11 suka koma 5, wai mai kiɗan biki ba ya barin waƙa ta kai minti bakwai. Baitin da na yi wa Kawu ya bi ruwa. Har yanzu ina ganin shida za su shiga.

Sai dai akwai abin da zan faɗa wa mai shirin zuwa. Babu wuta, ni na sayi man janareta bayan kuɗin aiki, kuma ba a gaya min tun farko ba. Ya cika wa muryata na'ura har ta koma kamar ta ƙarfe, sai da na roƙa aka rage. Ba shi da 'yan amshi mata, muryata ya ninka. Ya ce in dawo bayan kwana uku, sai da aka yi tara, saura kwana biyu kamu ya turo ta WhatsApp. Mai biki ya je da wuri.

Ranar kamu ina tsaye a zaure na ji mata a cikin gida sun ɗauki amshin tun kafin a kai baiti na biyu. Da daddare Inna ta kira ni ta ce, "Waƙa ta yi, amma ina sunan kawunku?"