Inda za a kai majinyaci gashin ƙashi a Zamfara: abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Idan aka sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, ko likita ya ce ciwon bayan da ya addabi mutum sai an yi masa gashin ƙashi, iyali sukan tsaya tsakanin hanyoyi uku: sashen gashi na asibitin gwamnati, likitan gashi mai zuwa gida, ko kuma mai ɗori da na'urorin tausa da ake sayarwa a kasuwa. Yawancinmu kuɗi muke fara aunawa, wasu kuma yawan injunan da suka gani a ɗaki ne yake burge su. A ganina ma'aunin da ya fi waɗannan shi ne abin da mai aikin yake koya wa majinyaci ya riƙa yi bayan ya koma gida, domin zaman gashi bai cika wuce awa ɗaya ba, sauran awannin yini kuwa a hannun iyali suke.

Asibitin gwamnati, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ya fi dacewa da wanda ciwonsa ya haɗu da hawan jini ko ciwon suga, saboda likitan gashi da likitan da ke rubuta magani suna duba fayil guda, kuma kuɗin ya fi sauƙi. Wahalarsa ita ce layi da kuma hanya. Wanda zai taso daga Anka ko Talata Mafara sau biyu a mako, ga tsadar mota ga halin da hanyoyinmu suke ciki, da wuya ya ɗore. Irin wannan majinyaci ya nemi a tsara masa motsa jikin da zai yi a gida, a koya wa mai jinyarsa da hannu, sannan a rage masa yawan zuwa.

Likitan gashi mai zuwa gida ya fi tsada, amma yana ganin abin da ba a gani a asibiti: tabarmar da dattijo yake kwana a kai, dokin ƙofar da yake tuntuɓe da shi, bayan gidan tsuguno da ba zai iya tashi daga kansa ba. Sai dai a nan ne masu sojan gona suka fi shigowa. Likitan gashi na gaskiya ya yi karatun digiri a jami'a, kuma yana da lasisin hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa don rajistar masu wannan aiki. Neman ganin lasisin ba rashin kunya ba ne, kuma mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Ko a asibiti ko a gida, a saurari tambayoyin likitan gashin a zaman farko. Wanda ya san aikinsa zai auna jini, ya tambayi batun taba da barci da abinci, ya kuma yi maganar gishiri da dunƙulen ɗanɗano, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Wanda ya ɗora fitilar ɗumi ya fita, bai ce komai a kan abin da ya jawo ciwon ba, ya bar ƙofar dawowar ciwon a buɗe.

Mai ɗori yana kusa kuma mutane sun saba da shi, amma shanyewar jiki daga ƙwaƙwalwa take, ba karaya ba ce. Jan hannun da ya shanye yana iya goce kafaɗa, ruwan zafi kuma yana ƙona fatar da ba ta ji, musamman ƙafar mai suga. Na'urar tausa ta kasuwa tana iya rage gajiyar tsoka, ba ta koya wa ƙafa tafiya. Kuɗinta ya fi amfani a kan sandar dogarawa wadda likitan gashi ya auna tsawonta, da na'urar awon jini ta gida.