Injin kwale-kwale: ka saurari silonsa kafin ka biya

Mai sayar da inji yakan ja igiya, ya murɗa totur, ƙara ta cika wuri. Wannan ƙarar ba ta gaya maka komai. Lafiyar inji a silo take bayyana, lokacin da aka sake shi yana juyi a hankali shi kaɗai.

Zaɓi biyu ne a gaban mai saye a Yawuri ko Baga. Na farko shi ne mai kafireto da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40. Wutarsa daga akwatin CDI take fitowa, wato ɗan akwatin da ke aika wa fulogi wuta, ba ya buƙatar batir. Da ka ƙara totur, taimin, wato lokacin ba da wuta, yakan matsa gaba, fulogi ya ba da wuta tun fistan bai kai ƙololuwa ba. Silonsa kuwa ɗan sukuru ne a jikin kafireto. Makanike zai saita maka shi a bakin ruwa. Aibinsa shan mai da hayaƙi, kuma in aka daɗe a silo fulogi yakan yi baƙi.

Na biyu shi ne mai tukunyar baƙin mai daban, wanda kwamfuta ke raba wa fetur. Ita ke riƙe da taimin da silon, babu sukurun da za ka taɓa. Yana tsimin mai, ga shiru. Amma feturin jarka mai ruwa ko datti maƙiyinsa ne, kuma ranar da ya ƙi tashi sai mai na'urar gwaji. A tsakiyar tafkin Kainji babu shi. Ni dai, wanda aikinsa ke nesa da gari, na farkon zan ce ya ɗauka.

Idan na hannu ne, a nan ake cin mutum. Taɓa jikin injin tukuna. In da ɗumi, an riga an tashe shi don kada ka ga wuyar tashinsa da sanyi. Kada ka yarda da gwaji a sarari, a sa shi cikin ruwa, domin ruwa na danne hayaƙi, silo ya sauka. Sai ka sa giya ba tare da ƙara totur ba. Lafiyayye zai ɗan sauke murya ya ci gaba. Wanda ya mutu nan take, ko kafireto ya toshe, ko fistan ya gaji. Wasu kan ɗaga silo don rufe wannan, alamarsa giya ta shiga da ƙarfi, gwaf, kwale-kwale ya zabura.

In ka ji ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙarfe yayin da aka ɗora kaya aka ba shi wuta, wataƙila an tura taimin gaba fiye da kima don ya yi kamar mai ƙarfi. Wannan kan huda fistan. Duba kuma siririn ruwan da ke fita ta baya: in ba ya zuba sosai, famfon sanyaya injin ya kusa daina aiki.