Kafin ka biya kuɗin jim a Kaduna, tambayi yadda ake fita

Ranar da mutum ya je yin rajista a gidan motsa jiki, wato jim, idonsa na kan injin gudu da ƙarafan ɗagawa, kunnensa na kan rangwamen da ake lissafa masa. Ba kasafai yake tambayar abin da zai dame shi daga baya ba: idan na fasa zuwa, nawa za a mayar mini, nawa za a riƙe? Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin masu jim da abokan cinikinsu daga nan take farawa. A gari irin Kaduna kuwa fasawa ba abin mamaki ba ce. Ma'aikaci ana yi masa canjin wurin aiki, soja ana tura shi wani bariki, ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya ce tasa, ɗalibin kwalejin Kadpoly ko jami'ar KASU yana tafiya gida hutu. Ga azumi, ga aikin Hajji, ga macen da ta samu juna biyu likita ya ce ta dakata. Wanda ke zaune a Kawo ya je ya yi rajista a Barnawa, cunkoson yamma da kuɗin mai kaɗai sun isa su sanyaya masa gwiwa kafin wata ya ƙare.

Biyan kullum, wato ka biya kuɗin shiga na rana ɗaya, shi ya fi tsada idan aka lissafa kan kowane zuwa, amma babu abin sokewa a cikinsa. Wanda bai taɓa zuwa wurin ba, da shi ya kamata ya fara, na mako biyu ko uku. Ka riƙa zuwa a daidai lokacin da za ka saba zuwa, ko bayan asuba ko bayan la'asar, don ka ga cikar wurin da idonka. Ka lura ko ana tayar da janareta nan take idan an ɗauke wuta, ko kuwa sai mutane sun taru. Ka ƙirga injinan da ke aiki, ban da waɗanda aka lulluɓe da ƙyalle. Mace ta tabbatar ko lokacin da aka ware wa mata ana kiyaye shi da gaske, da kuma wanda ke horarwa a lokacin.

Biyan wata-wata ta hanyar tura kuɗi ko POS shi ne mafi sauƙin fita: wata ya ƙare, ba ka sabunta ba, magana ta ƙare. Abu biyu ake dubawa. Na farko, watan daga ranar da ka biya yake farawa ko daga ɗaya ga wata? Wanda ya biya ranar 18 a wurin da ke ƙirga daga farkon wata, kwana goma sha biyu ko sha uku ya saya da kuɗin talatin. Na biyu, kuɗin rajista, wanda ake biya sau ɗaya kuma ba a mayarwa. Wasu wurare suna sake karɓarsa idan mutum ya yi watanni bai sabunta ba, don haka a tambayi tsawon lokacin da rajistar ke zama da rai.

Inda maganar ke da nauyi shi ne biyan wata shida ko shekara gaba ɗaya. A ɗauki lambobi na kwatance kawai, ba farashin wani wuri ba: wata ɗaya naira 20,000, wata uku 54,000, shekara 180,000. A takarda, mai biyan shekara 15,000 yake biya kowane wata, ya rage 60,000. Amma sai ya yi wata tara cur yana zuwa kafin kuɗinsa su yi daidai da na mai biyan wata-wata, ribarsa kuma sai a wata na goma take farawa. Idan azumi ya ɗauke wata guda, tafiya ta ɗauke wani, ciwon baya ya ɗauke na uku, rangwamen ya tafi. Araha ba ta ado.

To, a ce bayan wata huɗu aka yi masa canjin aiki zuwa Kano, ya zo neman ragowar kuɗinsa. Hanya uku ake bi wajen lissafin. Ko a ƙirga watanni huɗun a farashin rangwame, 60,000 ke nan, a mayar masa da 120,000. Ko a ce tunda bai cika shekarar ba rangwame ya faɗi, a ƙirga su a farashin wata-wata, 80,000, a ba shi 100,000. Ko kuma mai karɓar baƙi ya nuna masa wani rubutu a ƙasan rasit ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mu ba ma mayar da kuɗi." Hanya ta biyu adalci ce ga kowa, kuma ita ya kamata mai saye ya nema a rubuce tun ranar farko, domin mai jim ya ba da rangwamen ne saboda alkawarin shekara. Idan aka ƙara da riƙe kuɗin wata guda a matsayin sanarwa, har yanzu ana iya haƙuri. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne a janye rangwamen, a ɗora tarar rabin ragowar, sannan a ce sai bayan wata uku za a biya. Wannan cirewa biyu ce a kan asara ɗaya.

Hanya ta uku ba ta da ƙarfin da masu faɗarta suke zato. Nijeriya tana da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Sashe na 120 ya ba mai saye damar soke abin da ya yi oda ko ya kama wuri tun da wuri, na kaya ko na hidima, da sharaɗin mai sayarwa zai iya cire kuɗin sokewa daidai gwargwado. Sashe na 127 ya hana sharuɗɗan da suka karkata ɓangare ɗaya ko suka zama zalunci, sashe na 130 kuma ya ce idan hidimar ba ta kai yadda ya kamata ba, sai a gyara ko a mayar da wani kaso na kuɗin. A 2022 wata babbar kotun jiha a Enugu ta yanke hukunci cewa ƙa'idar wani kamfanin sufuri ta hana mayar da kuɗin tikiti bayan an biya ta saɓa wa wannan doka. Shari'ar ta mota ce, amma watannin da mutum ya biya bai shiga ba su ma kuɗin gaba ne, kuma hujja ce mai ƙarfi a hannunsa.

Sai dai a fahimci iyakarta. Dokar ba ta ce a mayar wa kowa kuɗinsa cif ba, kuma ba ta yanke wani kaso takamaimai ba. Afirka ta Kudu ta fi fayyacewa: dokarta ta kare masu saye ta 2008 ta ba mutum damar fita daga yarjejeniya mai wa'adi da sanarwar kwanakin aiki 20, ya biya tara daidai gwargwado. A Ingila ma babbar kotu ta yanke a 2011 cewa yarjejeniyoyin jim da ke ɗaure mutum shekara biyu ko uku ba adalci ba ne. A nan gida, tunda babu adadi a rubuce, abin da ka sa hannu a kai shi ne za a fara dubawa.

Akwai kuma tsarin cire kuɗi kai tsaye, inda kake shigar da lambobin katinka sau ɗaya a manhaja ko shafin intanet, daga nan kowane wata alat ya shigo. Yana da daɗi ga mai mantuwa, amma daina zuwa ba sokewa ba ce. Na'ura ba ta san an kwantar da kai a asibiti ba. Kada ka shiga wannan tsari sai an nuna maka inda ake danna sokewa, da kwanakin sanarwar da ake buƙata kafin ranar cira ta gaba. Dabara mai kyau ita ce a haɗa shi da asusun da ba na albashi ba, wanda ake zuba masa daidai kuɗin wata. Idan za ka fita, ka rubuta sanarwa ta imel ko WhatsApp mai ɗauke da sunanka, lambar rajistarka da ranar da kake so a tsaya, ka nemi a amsa, ka ɗauki hoton amsar. Bayan haka ne za ka je banki ko manhajarsa ka dakatar da umarnin cirar ko ka toshe katin. Wanda ya toshe kati bai ba da sanarwa ba, ya ba su damar cewa suna bin sa bashi.

Ga mafi yawan mutane, biyan wata uku mai haɗe da damar dakatarwa shi ya fi dacewa. Akwai ɗan rangwame, kuma ko abin ya ɓaci asarar ba ta da yawa. Damar dakatarwar ma ta fi rangwamen daraja: a tsayar da ƙirgen kwanakinka idan za ka yi tafiya ko ba ka da lafiya, a ci gaba idan ka dawo. Tambayi kwana nawa ake yarda a shekara, ko ana biya, ko sai da takardar likita, kuma ko azumi na ciki. Tambayi ko za ka iya miƙa ragowar watanninka ga ƙaninka ko matarka, domin sau da yawa mai jim ya fi saurin yarda da wannan a kan fitar da kuɗi daga aljihu. Biyan shekara sai ga wanda ya riga ya yi wata shida yana zuwa wurin, gidansa ko ofishinsa na kusa, kuma wurin ya daɗe a inda yake. Jim da yawa haya suke yi. Idan mai gini ya tashe su ko suka koma wata unguwa, mai biyan shekara ne ke kwana ciki, sai in takardarsa ta ce za a mayar da ragowar.

Duk abin da aka yarda da shi da baki, a sa shi a fom ɗin ko a bayan rasit, manaja ya sa hannu da kwanan wata. "Kar ki damu Hajiya, in kin tashi tafiya za mu duba miki" ba sharaɗi ba ne, kuma wanda ya faɗa yana iya barin aikin gobe. A duba sunan da ke fitowa a POS ko asusun da aka ba ka: ya zama sunan kasuwancin da ke kan rasit, ba na koci ko yaron da ke kan tebur ba. Kuɗin mai horarwa na musamman kuwa a san tun farko ko na gidan ne ko nasa ne shi kaɗai, kuma a biya shi kan adadin zama, ba kan wata ba, don a iya ƙirga abin da ya rage. Rubutun da ke cewa duk raunin da ya same ka ba ruwansu, a karanta shi da kyau. Doka ta ce irin wannan sharaɗi sai an jawo hankalin mai saye a kansa ƙarara kafin ya sa hannu.

Idan rigima ta riga ta tashi, hayaniya a gaban tebur ba ta fitar da kuɗi. Rubuta wa mai wurin takarda gajeriya: ranar biya, adadin kuɗin, watannin da ka yi, lissafin abin da kake nema, da wa'adin kwana bakwai ko sha huɗu. Haɗa da hoton rasit da alat. In an cire maka kuɗi bayan ka soke, kai ƙorafi bankinka a rubuce ka karɓi lambar ƙorafin. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya ne mataki na gaba. Ƙorafi a kan jim ɗin kansa ana shigar da shi a FCCPC ta shafinta na intanet, tare da waɗannan takardu. Kotu ma a buɗe take, amma a kwatanta kuɗin da ake nema da kuɗin lauya da zirga-zirga. A kan dubu arba'in ko hamsin, karɓar ƙarin watanni ko miƙa rajistar ga wani ɗan uwa ya fi saurin ƙarewa.